Hannun da Ya Kwance Akuya

Akwai wani mutum manomi a wani gari na gindin dutse. Sunan garin ya ɓace mini, amma na tuna akwai babbar tsamiya a ƙofar mai garin. Matar mutumin nan ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu: yarinya mai suna Rahila, wadda yake kira Uwata domin sunan mahaifiyarsa ta ci, da jariri wanda bai isa yaye ba. Ba shi da saniya, sai akuya guda, ja mai farin goshi. Da nononta ake rainon jaririn.

A garin nan akwai doka. In ruwan shuka ya sauka, sai a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa har a yi girbi. Dabbar da aka kama a gona, a karon fari mai ita ya biya tara da hatsi. In aka sake kama ta, ta zama ta wanda ya kama. Doka ce mai kyau, gama akuya ɗaya takan cinye wahalar mutum kafin ya juya. Masu tsaron dokar dogarai biyu ne, tsoho da saurayi, kowanne da jar riga da bulala.

Manomin nan mutumin kirki ne, amma yana da wata al'ada irin ta dukan iyayen garin. In Rahila ta ƙi cin tuwo, sai ya ce, "Ci, ko in kira dogari." In ta cika surutu, ya ce, "Yi shiru, ga dogari nan zuwa, mai surutu yake kamawa." Bai taɓa nufin mugunta ba. Gajiya ce, kuma maganar tana aiki nan da nan.

Ran nan ya dawo daga gona, ya tarar turke ba akuya. Ya same ta ɗaure a ƙofar mai gari, saurayin dogari yana zaune a inuwa yana kaɗa ƙafa.

Dogarin ya ce, "Sannu da zuwa, mai akuya. A gonar wake na same ta, tana ci kamar ita ta shuka."

Manomin ya biya tara da ɗan abin da ya rage a rumbu, ko dawa ce ko gero, ban tuna ba. Da ya komo gida ya yi wa Rahila faɗa, ya ce, "Ke ɗaurin igiya ma ba ki iya ba?" Yarinyar ta sunkuyar da kai, da ƙanenta a baya.

Daga ranar shi da kansa yake ɗaure akuyar. Ya tufka sabuwar igiya ta rama, mai kauri, ya riƙa yi mata ƙulli kan ƙulli kafin ya ɗauki fartanyarsa. Igiyar rama in ta samu mai tufka, ko bijimin sa ba ya tsinka ta. Kakanninmu da ita suke jan guga daga rijiya mai zurfi. Amma bari in koma kan maganata.

Ba a daɗe ba, ya sake dawowa ya tarar turke ba akuya. Jaririn yana ta kuka har muryarsa ta dishe. Manomin ya tsuguna ya duba igiyar. Ba ta tsinke ba, ba a tauna ta ba. An kwance ƙullin ne ɗaya bayan ɗaya, an ajiye igiyar a ƙasa. Ya daɗe yana dubanta. Ya ce a ransa, akuya tana da haƙora, amma ba ta da yatsu. Kuma ya san dogari ya sake kama ta, wannan ne karo na biyu: gobe a gaban mai gari akuyar za ta zama ta dogari, jaririn kuwa ba shi da wani nono.

Ya kira Rahila. Wannan karo bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da ita kusa da shi, ya ce, "Uwata, kina gida. Wa ya shigo?"

Ta kau da kai.

"Ba zan doke ki ba. Faɗa mini."

Sai hawaye suka zubo mata, ta ce, "Baba, in na faɗa zai zo ya kama ni. Kai ka ce mai surutu yake kamawa."

Maganar ta soki manomin har zuciya. Ya gane tun karon fari yarinyar ta ga kome, ta sha faɗa a kan laifin da ba nata ba, kuma bakinsa ne ya kulle nata. Ya ce, "Na faɗa miki abin da ba gaskiya ba, Uwata. Dogari ba dodo ba ne, mutum ne. An ba shi riga domin ya tsare mu. In ya yi sata da rigar a jikinsa, sata ce dai, kuma akwai wanda ya fi shi."

Sai ta faɗa masa. Da rana tsaka, sa'ad da mutane duk suna gona, saurayin dogari ya shigo ta kafar danga, ya kwance akuyar, ya kora ta cikin waken maƙwabci, sa'an nan ya kewayo ta hanya ya kama ta. Da ya ga Rahila tana kallo, sai ya nuna mata bulala.

Kashegari manomin ya riƙe hannunta, suka tafi ƙofar mai gari. Shi talaka ne, kuma ba shi da wata shaida sai igiya da bakin yarinya. Mutane sun taru a gindin tsamiya, yara ma sun zo kallo. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba akuyata ce ta kwance kanta ba. 'Yata ta ga wanda ya kwance."

Saurayin dogari ya yi dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaushe aka fara jin shaidar mai wasan ƙasa? Bari mu tambayi akuyar ma, ko tana da magana."

Rahila ta ɓuya a bayan ubanta. Sai tsohon dogarin ya ajiye bulalarsa a ƙasa, ya zo ya tsuguna a gabanta, ya ce, "Jikata, dube ni. Rigar nan ta tsufa a jikina, ban taɓa kama yaro don ya faɗi gaskiya ba. Faɗi abin da idonki ya gani, ina nan."

Ta faɗa, a hankali, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Can sai wata yarinya daga cikin masu kallo ta ce, "Ni ma na gan shi ya kwance tunkiyar kakata." Wani yaro ya ce, "Da ɗan akuyanmu." Ashe yaran garin sun daɗe da sani, gama su ne ke gida sa'ad da manya ke gona.

Mai gari ya ce, "To, me ya hana ku faɗa?"

Yarinyar ta ce, "Inna ta ce dogari yana tafiya da mai surutu."

Ba uba ko uwa da ya iya ɗaga kai.

Mai gari ya sa tsohon dogarin ya tuɓe wa saurayin riga, ya kuma umarta ya mayar wa kowa abin da ya ci. Aka rataye jar rigar a reshen tsamiya. Da manomin ya zo wucewa da akuyarsa, ya ce wa Rahila, "Taɓa ta." Ta miƙa yatsa ta taɓa, ta janye, ta sake taɓawa. Ta ce, "Baba, ashe tufa ce kawai." Suka yi sauri gida, gama jaririn yana jira.

Ma'anar wannan misali ita ce, ya ku 'ya'yana: dokar garin ita ce ƙa'idar da Allah ya yarda a kafa domin zaman lafiya, kuma doka ba ta ɓaci don mai tsaronta ya ɓaci. Jar riga ita ce iko, wanda aro ne, wanda ya sa shi kuwa zai amsa a gaban Ubangiji. Dogaran nan biyu suna nan har yau cikin masu kaki, na kirki da na banza. Ku girmama su, ku yi musu addu'a, amma kada ku ce mugunta ta zama daidai don mai kaki ne ya yi ta. In ɗayansu ya ƙwace abin wani, ko ya doki marar laifi, ko ya ce muku, "Kada ka faɗa wa kowa," kada ku yi faɗa da shi, kada ku jefe shi. Ku je ku faɗa wa iyayenku, ko malaminku, ko fasto, daidai yadda kuka gani, ban da ƙari, gama ƙarya a kan mai kaki ma zunubi ce.

Ku kuma iyaye da ke zaune a baya, da ku nake, da ni kaina. Yau da yamma wani yaro zai ture kwanon tuwo, tsohuwar maganar nan za ta zo muku har leɓe. Ku haɗiye ta. Wata rana akuyar gidanku za ta rataya a bakin yaron nan, za ku kuwa so ya buɗe.