Kofur Ɗin da Ba a Sallama Ba

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe aka rantsar da Manjo a majalisar ƙasa, kuma a wannan sa'ar abin ya fara. Aji ɗaya muka yi da shi. Mutum ne mai ƙwazo, amma tun muna yara ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

A lokacin yaƙi ya tsayar da wani kofur gadi a bakin gada, ya ce kada ya motsa sai shi da kansa ya dawo ya sallame shi. Da wuta ta yi zafi, Manjo ya janye mutanensa ta wata hanya, ya mance da shi. Kofur bai motsa ba. A nan ya mutu, kogi ya tafi da gawarsa. Da manya suka tambaya, Manjo ya ce kofur ɗin gudu ya yi. Daga bakinsa na ji wannan daga baya, bayan ya kulle ƙofa.

Yana sauke hannu daga rantsuwa ya ji an haɗa dugadugan takalmi a bayan kujerarsa, ƙas, yadda soja ke ƙamewa. Ya waiga. Babu kowa sai labule. Tun daga ranar, duk sanda ya zauna sai ya ji numfashi a ƙeyarsa da warin laka. In ya miƙe, abin ya lafa. Sai ya koma halartar zama a tsaye. Abokan aikinsa suna tsokanarsa, wai doka ya zo yi ko fareti.

Wata safiya 'yar kofur ta same shi a ofis, ina wurin. Ta ce har yau ana kiran 'ya'yanta jikokin matsoraci.

"Baba, kalma ɗaya ce," in ji ta. "Ka faɗa a gaban mutane cewa bai gudu ba."

Manjo ya dubi lambobin yabonsa da ke jere cikin gilashi, ya ce bai tuna wani kofur ba. Tana fita muka ga sawun takalmi biyu, jiƙaƙƙu, manne da juna a kan darduma. Na roƙe shi ya kira ta. Ya ce masinja ya goge.

Bai kai ƙarshen shekara ba ya ajiye kujerar. A gida ma a tsaye yake cin abinci, har ƙafafunsa suka kumbura. Ranar da ya ce wa matarsa ta aika a kira 'yar kofur da 'yan jarida, kafin su iso ciwo ya kama harshensa. Ya yi ta motsa leɓe yana kallon bayan ƙofa, babu abin da ya fito. Haka ya cika.

Waɗanda suka rage su ne matarsa, da 'yar kofur da yaranta, da ni da na faɗi abin da na sani aka ce tsufa ne, sai kuma wanda matar ke jin yana haɗa dugadugai a falo.

Darasin shi ne, wanda ya tsaya saboda maganarka haƙƙinsa na wuyanka. In gaskiyar da za ta wanke wani tana bakinka, faɗe ta yau, tun harshe yana juyawa.