Makullin Iri a Wuyan Cha'ibu

Akwai wani saurayi da ake kira Cha'ibu, ɗan ƙauyen Tchaké, yana aiki a Tasawa a shekarar da soja suka karɓi mulki bayan damina ta ƙi. Shi ne mai kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, na wata ƙungiyar manoma. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya. Na biyun ne ya jawo abin da za ku ji.

A shekarar, mutanen ƙauyuka da yawa sun cinye har irin shukarsu. Ƙungiyar ta tara irin hatsi da na wake a magaza, wato ɗakin ajiya, da niyyar rabawa in damina ta kusa, don kar a kai da wuri yunwa ta sa a daka shi. Buhu ba ya fita sai da takardar fita, takardar kuwa a ordinata ake buga ta.

A cikin ordinatar akwai wani kwant, wato sunan shiga, da ba na mutum ba ne, na kujerar aiki ne. Sunansa "magaza". Duk wanda ke kan aikin ranar da shi yake shiga ya buga takarda. Lambar sirrinsa tana manne a bango, kowa na gani. Cha'ibu ya ce wannan sakarci ne, kuma gaskiyarsa. Ya toshe ƙofar shiga kwant ɗin kai tsaye, ya mai da shi sai mutum ya shiga da sunansa tukuna, sannan ya hau kujerar. Har nan babu laifi.

Amma da ya zo wajen zaɓen waɗanda aka yarda su hau, sunansa kaɗai ya sa. Ya kuma haɗa shigar da wani ɗan makulli na USB, ya zura masa zare ya rataya a wuya.

Safi, wadda ta daɗe tana buga takardun nan, ta same shi ta ce ya ƙara suna ko da ɗaya, ba lallai nata ba, ko na Abdussalamu mataimakin shugaba. Ya yi dariya ya ce hannu da yawa ke ɓata miya.

Ta ce, "In ka yi ciwon kai fa?"

"Sai ordinata ta jira ni in warke."

A zahiri abin da ke masa daɗi ba tsaron ba ne. Yadda manya suke tsayawa a bakin ofishinsa suna "Cha'ibu, in ka samu lokaci" shi ne ke masa daɗi. Safi ta sa masa suna Mai Laya, sunan kuma ya bi shi.

Ranar wata Juma'a ya hau moto ya tafi Tchaké gaida mahaifinsa, Malam Ishaƙu. Abdussalamu ya tuna masa da maganar iri. Cha'ibu ya dubi sama fari fat ya ce ruwa ba yanzu ba, Litinin sai a fara loda kamyo, manyan motocin kaya.

Da hantsin Asabar gabas ta haɗe.

Iska ta fara zuwa da ƙanshin ƙasa, awaki suka ruga ƙarƙashin rumbuna, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tchaké ta ruɗe. Mata na guɗa suna fito da duk abin da zai tari ruwa, har tukunyar miya. Tsofaffin da suka yi watanni ba a ga haƙoransu ba suka tsaya a fili rigunansu na jiƙewa suna dariya. Cha'ibu ma ya tuɓe takalma ya shiga cikin ruwan yana tsalle, ya manta shi ma'aikaci ne.

Da ruwan ya tsagaita, Malam Ishaƙu ya tona ƙasa da hannu, ya ga laima ta shige har gwiwar hannu. Ya ɗago yana murmushi ya ce wannan ruwan shuka ne. Ya riga ya gaya wa duk unguwa cewa ɗansa ne ke riƙe da maganar iri, don haka maƙwabta suka taru da sungumansu suna tambayar ko kamyo ya taso.

Cha'ibu ya buɗe baki zai ce ya taso. Sai ya ji sanyin zaren nan a wuyansa.

Ya tada moto ya kama hanya.

Rairayin da jiya ke tashi yau ya zama kunu. Moto na zamewa yana tokarewa da ƙafa. Ko'ina ya duba gonaki cike suke da mutane, mai sungumi a gaba yana sara, iyali a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Waɗannan su ne masu sauran iri. Ya kuma ga waɗanda ke tsaye a bakin gona hannu a baya, suna kallon hanya. Duk wanda ya wuce sai ya ƙara wa moto wuta.

Kafin Mayahi ya tarar kwari ya cika. Ya ce zai ratsa, moto ya sha ruwa ya mutu a tsakiya. Wani makiyayi, Audu, ya zo da amalanken shanu ya ɗora shi da moton ya tsallakar da su. Audu na cikin farin ciki, yana ba shi labarin ciyawar da za ta fito, yana tsokanarsa cewa dokin Nasara ba ya son wanka. Cha'ibu na dariyar yaƙe, idonsa na kan rana.

A Mayahi wayarsa ta kama rezo, nan take ta yi ƙara. Safi ce. Ta ce kamyo-kamyo sun jeru tun da ruwa ya sauka, wakilan ƙauyuka sun cika ƙofar magaza. Mai Nasara, mai riƙe da magazar, ya rantse ba zai fid da ko tiya ba sai ya ga takarda, don tun hawan soja ake bin masu magaza da bincike, shi kuwa yana da iyali. Shugaban ƙungiyar yana Yamai, ba a same shi ba. Cha'ibu ya ce bari ya karanta mata lambar sirrinsa.

Ta ce, "Layar fa? Ita ma ta waya za ka turo?"

Makanike ya zazzage ruwan moto, aka zuba esansi, ya sake kama hanya. Rana na gab da faɗuwa ya shiga Tasawa, laka tun daga gashi har ƙafa. Jama'a suka dare masa hanya, wasu na masa tafi, wasu na faɗin abin da ba zan rubuta ba.

Safi ta ja masa kujera. "Sannu da zuwa, Mai Laya."

Ya cire zaren ya soka makullin. Na'urar buga takarda ta fara aiki, Mai Nasara ya buɗe ƙofa, 'yan dako suka hau waƙa. Kafin Cha'ibu ya tashi daga kujerar, ya buɗe wurin zaɓen nan ya sa sunan Safi da na Abdussalamu, kowa da tasa lambar, ya kuma cire sharaɗin makullin. Lambar bango ba ta dawo ba. Safi ta shiga da sunanta ta buga sauran takardun da kanta.

Hawandawaki da ƙauyukan kusa sun samu irinsu da sassafe, suka shuka a kan laima. Kamyon Tchaké shi ne mai tafiya mafi nisa. Cha'ibu ya hau bayansa. Kamyon ya kafe a wannan kwarin, aka sauke buhuna aka ciro shi aka sake lodawa. Kafin su isa, rana ta yi aikinta. Rairayin Tchaké ba ya riƙe ruwa.

Mutane suka karɓi irinsu da godiya. Cha'ibu ya bi mahaifinsa gona. Malam Ishaƙu ya tona ƙasa inda ya tona ranar Asabar, ya damƙo, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Cha'ibu ya durƙusa zai fara magana, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Direba ya gaya mini. Za mu yi binne a busasshiyar ƙasa, mu jira ruwa na gaba in Allah ya kawo." Ya miƙa masa sungumi. "Wanga shi ma ɗaya ne a gidan nan. Amma a zaure yake kwana, inda mai buƙata zai ɗauka."

Cha'ibu ya karɓa, ya shiga gaba yana saran busasshiyar ƙasa, mahaifinsa na bin sa da ƙwaryar iri.

Darasi: Kujerar aiki ta jama'a ce, ba ta wanda ke zaune a kanta ba. Ka tsare amana, amma kar ka mai da kanka ƙofar da babu wata sai ita, domin ranar da za a neme ka ba kai ke zaɓen ta ba. Ku tura wa wani, wataƙila akwai zare a wuyansa bai sani ba.