Tagar da Mu'allim Ya Toshe

An yi wani mutum a unguwar Shisha, nan ƙasa mai tsarki, mai gyaran na'urar sanyi. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa na nan. Mu'allim kowa ke ce masa, kuma ya cancanci sunan. Tafin hannu yake ɗorawa a jikin barrada, na'urar sanyaya ruwan sha, ya saurari kukanta, ya faɗi ciwonta. Rabin barradun sabil, wato na ruwan sadaka, da ke unguwar Aziziyya shi ya raya su, don Allah. Alhazan da suka sha ruwan sanyi ta hannunsa, Allah kaɗai ya san yawansu.

Ana cewa jahilci ke kai mutum ga halaka. Ni dai na tsufa ban ga haka kullum ba. Wani lokaci gwaninta ce.

Wani attajiri ya kira shi gida, ya kai shi ɗakin ajiya. Ga ganga a firji, ga tukunyar gas, ga famfo. Giya ce, a garin nan, ya 'yan uwa! Da an buɗe famfo sai kumfa.

Mu'allim ya juya zai fita. Attajirin ya yi dariya: “Ma'alesh, ba komai, ya Mu'allim. Dama an ce wannan gyaran sai ɗan Jidda.”

Maganar nan ce ta tsayar da ƙafarsa. Ya ce a ransa: ai ba sha zan yi ba, ƙarfe zan taɓa.

Gaskiya ya yi aiki. Ya gane sanyin bai kai ba, shi ke tayar da kumfa. Ya ƙara shi ba tare da ya kai ga ƙanƙara ba. Ya ja tiyon cikin sanyi har bakin famfo. Ya riƙa juya munazzim, kan da ke daidaita ƙarfin gas, a hankali, har abin ya zubo lumui. Ya koma gida yana murmushi. Matarsa Mujahida ta ce, “Maigida, yau wane masallaci ka gyara wa?”

Saura abu ɗaya: warin giyar. Ɗakin na da 'yar taga ta gefen maƙwabta. Shi da ke hana kowa ajiye tukunyar gas a rufaffen ɗaki, shi ya toshe tagar, toshewar gwani, ko iska ba ta ratsawa.

Bayan kwanaki aka sake kiransa, gas na ƙarewa da wuri. Ya shiga bayan Azahar, ya ja ƙofa don kada a gani. Ya san gas ɗin nan ba shi da wari, ya san ƙasa yake kwanciya. Ya durƙusa neman inda ke yoyo.

Attajirin ya same shi kwance, gas ya sumar da shi. Kiran motar asibiti tonon asiri ne, sai ya tsaya tunani. Ya daɗe yana tunani.

Mu'allim ya rayu, amma hannun ya tafi. Rawa yake yi har yau.

To wa ya kayar da shi? Ko ɗigo bai taɓa sha ba. Zunubi ba ya zuwa shi kaɗai, da ɓoyo yake zuwa, ɓoyo kuwa sai ya sa ka toshe tagar da kake numfashi. Duk aikin da ba za ka iya yi ƙofa a buɗe ba, bar shi, ko da kai kaɗai ka iya.

Na gan shi a Aziziyya, gaban barradar da ya gyara. Ruwanta na nan da sanyi. Mujahida ce ta riƙe masa kofin.

Allah ya karɓi ruwan da ya shayar, ya yafe masa sauran. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga sharrin abin da muka iya. Amin.