Bushiya da Mai Jifa Daga Sama

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wata bushiya ce mai 'ya'ya ƙanana, mijinta ya rasu, ita ke noma ita ke ciyar da su. Ran nan da hantsi tana shanya, sai ta ji ƙara kamar aradu, alhali ko gajimare babu. Wani baƙin dutse ya faɗo daga sama, tim! Ya rushe rabin rumbunta. Autanta na wasa a gindin rumbun, saura kaɗan dutsen ya danne shi.

Dabbobi suka zo jaje, kowa na cewa ta yi haƙuri. Bushiya ta ce, "Na haƙura da rumbu. Amma wanda ya yi jifa yau, gobe ma zai yi, ga ni da yara. Sai na ga mai jifan nan ido da ido."

Gizo ya leƙa rumbun, ya ga sauran gero, ya haɗiye yawu. Ya ce da tsamin bakinsa, "Wata ne mai jifan, na yantse! Bayi in saƙa miki igiya ki hau, ni kuma in yi miki gadi."

Bushiya ta san halinsa sarai, amma ba ta da wata hanya. Ta kai yaranta gidan Kurciya, ta kama igiya. Tana hawa, tana hawa, har ta isa wurin Wata.

"Baba Wata, don me ka jefe ni?"

Wata ya ce, "Ni? Dubi fuskata, duk ramuka. Ni ma jifana ake yi. Igiyarki ta ƙare a nan, koma gida."

Ta ce, "Ban ga mai jifa ba tukuna. Cilla ni gaba." Ta dunƙule, Wata ya cilla ta.

Ta yi ta tafiya cikin duhu da sanyi, har ta faɗa kan Jar Duniya. Ko'ina jar ƙasa da busassun koguna, ko ciyawa babu.

"Iya, ke ce kika jefe ni?"

Jar Duniya ta ce, "Haba 'yata, dubi jikina. Daga bayana duwatsun suke zuwa. Gaba babu ruwa babu abinci, koma gida."

Ta ce, "Ban ga mai jifa ba tukuna. Cilla ni gaba." Ta dunƙule, aka cilla ta.

Sai ga ta cikin duwatsu suna ta kewaya Rana, wani ya kai gari girma, wani bai fi dutsen niƙa ba. Ɗaya ya buge ta, wasu ƙayoyinta suka kakkarye. Ta cije, ta wuce, har ta isa gaban Mushtari, babbar duniyar da ta fi duk 'yan'uwanta girma. Jan idonsa ɗaya kaɗai zai haɗiye duniyarmu. Jikinsa duk guguwa ne, babu wurin sa ƙafa, don haka ta sauka kan wani ƙaramin wata da ke kewaya shi.

"Ranka ya daɗe, kai ne mai jifa?"

Mushtari ya ce, "Wa ke magana? Ban ga kowa ba."

"Duba ƙasa. Ni ce Bushiya."

Ya duba, ya ce, "Ni ba na jifa. In na zo wucewa, nauyina ke jan duwatsu. Wasu in haɗiye, wasu su kuɓuce. Ban san akwai masu rai a can ba."

"Akwai. Akwai autana, ko ƙaya bai gama fitarwa ba."

Mushtari ya ce, "Ba zan iya kama duka ba."

"Kama waɗanda za ka iya. Ga wani can ya nufi gidanmu, ba na tashi sai na ga ka tare shi."

Mushtari ya ja numfashi, dutsen ya karkato, ya haɗiye shi ƙwat! Ya ce, "Daga yau zan sa ido."

Tauraruwa mai wutsiya ta zo wucewa za ta wajen Rana, Bushiya ta roƙe ta, ta maƙale a wutsiyarta. Da suka zo saitin gida, ta ga Gizo ya tsinke igiya, yana kwance cikin rumbu ciki ya yi tulu. Ta dunƙule, ta saki wutsiya, ta faɗo masa a tumbi da sauran ƙayoyinta.

"Wayyo! Wayyo cikina!" Gizo ya zura a guje, bai ko waiwaya ba.

Yara suka sheƙo daga gidan Kurciya suna "Inna! Inna!" Ta rungume su, ta ce, "Ku ɗebo ƙasa, mu gyara rumbu."

To, jikokina, in abu ya dame ku, kada ku tsaya a maganar farko da aka gaya muku. Ku bi shi har inda ya samo asali, komai nisa, komai ƙanƙantarku.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare, kowa ya nufi shimfiɗarsa.