Kwalbar da Ƙasimu Ya Fasa a Nima

Akwai wani tela a unguwar Nima ta birnin Accra, ana ce masa Ƙasimu. Abin ya faru ne wajen ƙarshen shekarun 1980.

Gwani ne a kan keken ɗinki, amma ya fi gwaninta wajen zargi. Ko sallama ka yi masa da fara'a, sai ya tsaya nazarin abin da ya kawo ka. A bakin shagonsa maza ke taruwa shan shayi bayan la'asar, kuma ana jin maganarsa, don ya taɓa zama a Legas da Abijan.

A lokacin ne aka shigo da shirin ruwan gishiri da sukari, na ceton yara masu gudawa. Ƙungiyoyin lafiya na ƙasashen waje suka kawo, gwamnati ta karɓa. Asibiti na koya wa mata, masu kemis ma aka tara su aka koya musu, don uwa ta samu ƙunshin garin maganin a lungunsu ba sai ta hau mota ba.

Inda aka samu matsala, hoton da aka liƙa a bango ne. An zana mace tana auna ruwa da kwalbar giya. Masu shirin sun ga ita ce ma'aunin da ba a rasawa a gidajen gari. Ba su tambayi mutanen Zango ba, wato unguwannin Musulmi irin su Nima.

Ƙasimu na ganin hoton ya samu abin da yake so.

"Cale, abokaina, ku buɗe ido," in ji shi. "Duk kwalaben duniya sai ta giya? Yau kwalba za su shigo da ita, gobe abin da ke ciki. Kuma wa ya ga abin da suka zuba a garin maganin? Ba su ne masu cewa mun cika haihuwa ba?"

Mutala mai kemis, wanda ya je horon, ya ce masa, "Malam Ƙasimu, awo ne kawai. Ƙananan kwalaben lemo biyu ma sun yi."

"Kai ai sayarwa kake. Me za ka ce?"

Aka yi dariya. Baba, wani mai dakon doya a kasuwar Agbogbloshie wanda ba ya ƙetare maganar Ƙasimu, ya rantse ƙunshin nan ba zai shiga ɗakinsa ba.

Da damina ta sauka, kwatoci suka cika, gudawa ta shiga unguwa. Ta kama ɗan Baba. Ta kama Fatu, 'yar Ƙasimu, wadda ko yaye ba a yi ba. Idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa. Ƙasimu ya kawo jiƙo, ya ce a shafa mata a ka, kuma a rage ba ta ruwa tunda duk abin da ta sha fita yake.

Matarsa Sanatu ba mai jayayya ba ce, amma uwa ce. Yana fita ta zaga ta baya ta je wurin Mutala. Tsoron kuskuren awo ya sa ta ari ainihin kwalbar da ke hoton wurin wata maƙwabciyarsu 'yar ƙabilar Ga, ta wanke ta tas. Ta wuni tana ɗura wa yarinyar da cokali.

Washegari da hantsi Ƙasimu ya dawo ɗaukar almakashi. Sai ya hango kwalba a ɓoye bayan randa.

Jama'a, mai zargi ba ya tambaya don ya ji amsa.

"Giya a ɗakina? Wa yake shigo mini gida in ba na nan?"

"Baban Fatu, ka shinshina mana. Ruwan magani ne. Tun jiya ta fara buɗe ido."

Bai shinshina ba. Ya buga kwalbar da ƙasa, ya watsa sauran garin a kwata, ya ce in ta sake, ta tattara kayanta.

Kafin la'asar Fatu ta daina ko kuka. Jikinta ya saki kamar tsumma. Nan ne tsoro ya kama Ƙasimu, ya sungume ta sai asibiti.

Wata nas ta ja fatar cikin yarinyar, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta dubi Sanatu, ta ce da Hausarta ta Zango da ba ta raba mace da namiji, "Maame, ka ba shi ruwan gishiri?"

"Na ba ta jiya."

"To me ya sa ka daina? Kana so ya mutu? Na jiya ɗin ne ya riƙe shi har yanzu!"

Sanatu ta sunkuyar da kai ta sha faɗan ita kaɗai. Ba ta dubi mijinta ba. Aka sa wa Fatu ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo, aka miƙo kofi, ruwan nan dai da Ƙasimu ya zubar. Yana tsaye yana kallo 'yarsa ta haɗiye.

Ya fito baranda yana hamdala, sai ya ga Baba zaune a kan benci, riƙe da ɗansa a naɗe cikin zanen uwarsa, har kai. An kawo shi a makare.

Baba ya ɗago ya ce, "Malam Ƙasimu, kwana ne ya ƙare. Amma wallahi na riƙe maganarka. Uwar ta yi ta roƙona, ko ɗigo ban bari an ba shi ba."

Ba gori yake yi ba. Har a lokacin ya yarda da shi.



Darasi: Yin hattara da abin da ya zo daga waje ba laifi ba ne, amma zargin da ba bincike a bayansa yana kisa, kuma sau da yawa wanda ya yarda da kai ne yake kwana ciki. In ba ka sani ba, ka tambayi masana lafiya kafin ka hana wani. Masu kawo shiri su ma su riƙa jin ta bakin mutanen da za su yi wa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda ake jin maganarsu a majalisa.