Karen Dagaci Ya Ƙi Zama

Wani dagaci ya sayi kare mai taurin kai, ya kira Nomau maharbi.

"Kwana uku na ba ka. In na ce zauna bai zauna ba, gonarka ta zama tawa."

Nomau ya yi ta fama, kare ko kallonsa bai yi ba. Ran na uku ya jawo shi gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, ya koya. Sai dai ba ya zama sai da umarnin wanda bai taɓa ƙwace gonar talaka ba. Bismillah."

Dagaci ya dubi kare, ya dubi jama'a. "Wakili, gwada."

"Ranka ya daɗe, muryata ta dishe."

Dagaci ya ce, "A bar shi tsaye. Dama don gadi na sayo shi."