Kwamfutar da Aka Wanke Ta Manta Maƙwabciyarta

Akwai wani mutum, malamin makaranta, wanda yake zaune gida ɗaya da ƙanensa, bango ne kawai tsakaninsu. A zamanin da suke shiri sun huda bangon nan, suka zura kebul, suka haɗa kwamfutocinsu. Firinta da intanet suna ɗakin ƙanen, malamin yana amfani da su daga nasa ɗakin.

Sai suka yi faɗa a kan reshen mangwaro, suka daina magana. Kwamfutocin kuwa ba wanda ya sanar da su, suka ci gaba da gaisawa. Malamin yakan aika aiki, firinta ta buga, ya tarar da takardunsa a kan taga da dutse a kai. Bai taɓa tambayar wanda yake ɗora dutsen ba.

Ana nan, kwamfutarsa ta cika da tarkace, ta yi nauyi. Ya share kome da kome, ya sa mata sabuwar manhaja. Ta tashi fes, tana gudu. Ya duba, ya ga aikinsa ya yi kyau, ya yaba wa kansa daidai gwargwado.

Da ya aika tambayoyin jarrabawar ɗalibansa, waɗanda shugaban makaranta yake jira ran Litinin, sai kwamfutar ta ce ba ta san wata firinta ba, ba ta ma san tana da maƙwabciya ba.

Ya zare kebul, ya hura, ya mayar. Ya kashe, ya kunna. Ya zargi ɓeraye, ya zargi masu wuta, waɗanda a wannan karon dai ba su da laifi. Daga baya ya gane: cikin sharar ya haɗa da wata 'yar ƙaramar manhaja, wadda ita ce take koya wa kwamfuta magana ta kebul. Ana samunta kyauta a intanet. Intanet ɗin kuwa ta kebul ɗin yake shigowa. Wayarsa ta hannu kuma mai tocila ce, iyakarta kira.

Ya zauna yana kallon bangon. Ƙofar ƙanensa ba nisa, amma ya lissafa, ya ga shi ne babba.

Ran Lahadi bayan sujada a coci, sai aka yi sallama. Ƙanen ne, da filash a hannu, ɗan abin nan da ake kwafar manhaja a ciki.

“Yaya, kwana biyu firinta ba ta yi tari ba. Na ce bari in duba ko ka mutu.”

“Ina nan. Ɗan gyara nake yi.”

“Na gani. Ni ma na taɓa irin wannan gyara, na yi mako ina zagin ɓeraye. Matsa.”

Ya soka filash, ya ɗora abin da ya ɓace. Jim kaɗan suka ji firinta tana tari a bayan bango. Malamin ya ce, “Dutsen nan na taga, kai ne?”

“A'a, iska ce take ɗorawa.”

Malamin ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, “Na gode, ƙanena.” Bakinsa bai fashe ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, mutum yana iya share ransa, ya bar giya, ya bar ƙarya, ya zama fes, duk da haka ba ya jin kowa, ba mai jinsa. Da yawa cikinmu, garin share zunubi, mukan haɗa da 'yan'uwa. Abin da zai mayar da mu cikin zumunci kyauta ne, amma ba za mu iya ɗauko wa kanmu ba, gama hanyar ɗaukowar ita ce ta yanke. Dole wani ya tako da ƙafarsa. Haka Yesu ya yi mana: bai jira mu gama lissafin girma ba, ya zo ƙofa.

Saboda haka, in akwai mai ɗora maka dutse a kan takardu, ka gode masa yau, tun yana ji. In kuma firintar ɗakinka ta yi shiru kwana biyu, kada ka ce ka huta. Tashi ka leƙa.